Ya Ƙi Zubar Da Ciki, Ya Yarda Da Zubar Da Jini: Sanata Jesse Helms A Bisa Mizani

 

Akwai wata shubuha da ta daɗe tana yawo a tsakanin 'yan'uwa masu kyakkyawar niyya, muna jin ta a zaman hira bayan karatu, wani lokaci ma daga bakin waɗanda ake yi wa kallon ma'abota fahimta. Shubuhar ita ce wai 'yan siyasar Amurka masu ra'ayin riƙau, watau masu ƙin zubar da ciki, masu son a mayar da addu'a makarantu, masu kukan rushewar iyali, su ne mafi kusa da mu a cikin mutanen Yamma, saboda haka nasararsu abar murna ce gare mu. Wannan zance ya sami gindin zama tun taron Majalisar Ɗinkin Duniya a kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira cikin Satumban 1994, inda Fadar Fafaroma da wasu ƙasashen Musulmi suka tsaya sahu guda a kan batun zubar da ciki, Saudiyya da Sudan ma suka ƙaurace wa taron ɗungurungum.

To, mu ba mu gaji yanke wa mutum hukunci da zaƙin bakinsa ba. Malaman hadisi sun bar mana ilimin jarhi da ta'dili. Idan aka kawo musu sunan maruwaici ba su tsayawa ga tsawon sallarsa ta dare. Sai sun tattaro ruwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, sun gwada su da na amintattu, kana su yi hukunci, kuma sau da yawa sun yaba ibadar mutum suka jefar da hadisinsa. Shi kuwa ɗan majalisa, ruwayarsa ita ce ƙuri'arsa. A faɗi gaskiya, Amurkawa suna rubuta manyan ƙuri'unsu da sunan mai ita da ranarta, saɓanin majalisunmu inda ake ihun "e" da "a'a", shugaba ya buga guduma, gobe kowa ya rantse ba ya wurin. Don haka bari mu ɗauko limamin wannan mazhaba ta riƙau, mu buɗe littafinsa.

Sunansa Jesse Helms. An haife shi a 1921 a garin Monroe na jihar Karolina ta Arewa, ɗan shugaban 'yan sandan garin ne, mabiyin cocin Baptis. Daga 1960 zuwa 1972 yana sharhi a gidan talabijin a birnin Raleigh, kuma babban abin da ya shahara da shi a wannan kujera shi ne sukar gwagwarmayar baƙar fata ta neman 'yanci. A 1970 ya bar jam'iyyar Dimokurat ya koma Rifablikan, a 1972 aka zaɓe shi Majalisar Dattawa, ya zauna a cikinta shekara 30 cif, daga 1973 zuwa 2003. Saboda yawan hawa kujerar na ƙi aka yi masa laƙabi da Sanata A'a, shi kuwa ya karɓi laƙabin yana alfahari da shi.

Suratul Ma'ida ta hana mu barin adalci saboda ƙin wasu mutane, don haka za mu fara da abin da masu yabonsa suke kafa hujja da shi. A shekararsa ta farko, 1973, ya sa aka shigar da gyara a dokar agajin ƙasashen waje wanda ya hana a yi amfani da kuɗin Amurka wajen zubar da ciki a matsayin hanyar tsarin iyali, kuma gyaran yana ɗauke da sunansa har yau. Ya sha kawo ƙuduri domin a bar yara su yi addu'a a makarantun gwamnati. A 1989 ya tashi haiƙan a kan ba da kuɗin baitulmali ga masu hotunan batsa da na izgili ga addini. A ranar 26 ga Yulin 1995 kuma, makonni biyu bayan kisan maza da samari Musulmi kimanin 8,000 a Srebrenica, yana cikin sanatoci 69 da suka zaɓi a ɗage takunkumin makamai da ya ɗaure hannun Musulmin Bosniya. Duk wannan mun rubuta masa, ba mu tauye masa ko ƙwayar zarra ba.

Sai mu juya shafi.

A 1982 aka kawo sabunta dokar da ta kare haƙƙin baƙar fata na jefa ƙuri'a. Sanatoci 85 suka amince, 8 suka ƙi, Helms yana cikin takwas ɗin. A Oktoban 1983 aka nemi a ware rana ta tunawa da Martin Luther King, sai ya riƙe zauren majalisa kwana da kwanaki yana jifan mamaci da kusanci da kwaminisanci; aka kayar da shi da ƙuri'a 78 da 22. A zaɓen 1990, da ya ga abokin takararsa Harvey Gantt, baƙar fata, yana neman shan gabansa, sai ya saki tallar nan ta talabijin mai nuna hannuwan wani Bature suna dunƙule takardar da aka hana shi aiki, ana gaya wa mai kallo cewa an ba ɗan tsiraru gurbinsa. Ya ci zaɓen. Wannan shi ne mutumin da ake ce mana ya san darajar rai tun yana cikin mahaifa. Shin idan ɗan tayin ya fito duniya da baƙar fata, ina darajar take tafiya?

Abin da ya yi wa nahiyarmu ya fi wannan ɗaci, kuma a nan ya kamata mai karatu ya dakata. A shekarun da ma'aikata da ɗaliban Nijeriya suke tara gudummawa domin 'yan'uwansu na kudancin Afirka, a shekarar 1979 da gwamnatin Nijeriya ta karɓe kadarorin kamfanin BP domin matsa wa Ingila lamba, Helms yana Washington yana fafutukar a ɗage wa Rodeshiya takunkumi, har ma'aikatan ofishinsa suka bayyana a Landan lokacin tattaunawar da ta haifi Zimbabuwe, abin da ya jawo ƙorafi. A 1986 majalisa ta zartar da dokar takunkumi a kan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, Shugaba Reagan ya ƙi sa hannu. Ranar 2 ga Oktoba sanatoci 78 suka tsallake shi, cikinsu har da mafi yawan 'yan jam'iyyarsa, 21 suka tsaya da shi. Helms yana sahun gaba na waɗannan 21. Dab da ƙuri'ar, ministan harkokin wajen gwamnatin wariya, Pik Botha, ya bugo waya yana barazanar daina sayen hatsin Amurka, Helms ne kuma ya riƙa kiran sanatocin jihohin manoma su zo su ji da kunnensu. A wancan lokaci Mandela ya shafe shekara 24 a tsare.

Bai tsaya nan ba. A Mozambik ya rungumi 'yan tawayen RENAMO, waɗanda jami'an leƙen asirin Rodeshiya suka rena sannan Afirka ta Kudu ta gaje su, har ya riƙe tabbatar da jakadiyar Amurka a ƙasar na tsawon watanni a 1987 domin a tilasta wa gwamnati ta kula su. Shekara guda bayan haka rahoton da ma'aikatar harkokin wajen Amurka da kanta ta sa aka yi ya ƙiyasta cewa RENAMO ta kashe fararen hula kimanin 100,000. A El Salbado kuwa amininsa shi ne Roberto D'Aubuisson, mutumin da kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 1993 shi ya ba da umarnin harbe Babban Bishop Oscar Romero a 1980, yana tsaye yana jagorantar ibada a coci. Ya kai ɗan'uwa mai hankali, wanda jinin malamin addininsa bai hana shi abota da wanda ake tuhuma ba, kana zaton jininka ne zai hana shi barci? Da wannan mizanin na yaƙin cacar baka ya goyi bayan mujahidan Afganistan, kamar yadda ya goyi bayan UNITA a Angola da 'yan Kontara a Nikaraguwa. Duk wanda ke harbin abokin Rasha nasa ne, ko mai salla ko mai yankan ƙauye.

Mu zo ga Falasɗinu, domin nan ne ƙissar take da darasi mafi girma. Mutane da yawa ba su san cewa Helms na farko yana cikin sanatocin da Isra'ila ba ta jin daɗinsu ba. A 1981 ya goyi bayan sayar wa Saudiyya jiragen leƙen sararin sama, cinikin da ya tsira da ƙyar da ƙuri'a 52 da 48. A 1982, lokacin da Isra'ila ta mamaye Labanon, ya kai ga kiran a yanke hulɗar jakadanci da ita. Da a ce wani ɗan'uwa ya rubuta tarihinsa a wannan shekara, da ya sa shi cikin masoya. Sai zaɓen 1984 ya zo. Gwamnan jiharsa, Jim Hunt, ya fito takara da shi, aka kashe sama da dala miliyan 20, abin da ba a taɓa gani ba a takarar sanata kafin nan, kuma ƙungiyoyin masu goyon bayan Isra'ila suka zuba gudummawarsu a aljihun Hunt. Helms ya sha da ƙyar da kimanin kashi 52 cikin ɗari. A wannan shekarar dai Sanata Charles Percy na Illinois, shugaban kwamitin harkokin waje, wanda shi ma ya goyi bayan cinikin jiragen, ya faɗi zaɓe.

Bayan zaɓe Helms ya ziyarci Isra'ila, ya dawo wani mutum dabam. Ba mu shiga zuciyarsa ba, Allah ne Masanin abin da ke cikin ƙiraza. Magoya bayansa suna cewa aƙidarsa ta coci ce ta farka, kuma mai yiwuwa ne akwai wannan. Mu dai zahiri muke hukunci da shi, zahirin kuwa shi ne mutumin da ya nemi a yanke hulɗa a 1982 ya zama mai kare mamayar Gaɓar Yamma, ya kuma mara wa dokar 1995 baya wadda ta umarci a mayar da ofishin jakadancin Amurka birnin Ƙudus, dokar da ta wuce da ƙuri'a 93 da 5. Sanata A'a, wanda ya iya cewa a'a ga baƙar fatar ƙasarsa shekara talatin ba tare da gajiya ba, a nan harshensa ya kasa furta ta. Idan aƙida ce ta juya shi, to aƙidar da 'yan'uwa suke murna da ita ce ta kai shi ga miƙa Ƙudus. Idan kuwa tsoron akwatin zaɓe ne, to ina riƙon da ake yaba masa?

Daga 1995 zuwa 2001 shi ne shugaban kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa, kuma tun kafin ya hau ya kamanta agajin ƙasashen waje da zuba kuɗi a ramin ɓera. Ya zaɓi yaƙi da Iraƙi a Janairun 1991, lokacin da ƙuri'ar ta tsaya 52 da 47, ya sake zaɓensa a Oktoban 2002, lokacin da ta tsaya 77 da 23, bisa zargin makaman ƙare-dangi da ba a taɓa samu ba. Yana cikin iyayen dokar 2002 da ta ba shugaban Amurka izinin amfani da duk hanyar da ta kama domin ƙwato jami'an Amurka da na ƙawayenta idan kotun manyan laifuka ta duniya ta tsare su. Watau kotun ta yi ta shari'ar 'yan Afirka, amma kada ta kuskura ta ɗaga ido sama.

Wani abu kuma da masu yabon tarbiyyarsa ba su cika ambata ba: jiharsa cibiyar noman taba ce, shi kuwa ya kasance garkuwar wannan sana'a a majalisa, har ya matsa wa Japan lamba a 1986 ta buɗe kasuwarta ga sigarin Amurka. Mai wa'azin tsare rai, dillalin hayaƙi.

Shekaru ya yi yana yaƙar ware kuɗi domin masu cutar ƙanjamau, yana ganin ai su suka jawo wa kansu, alhali a cikinsu akwai jarirai, da matan da mazajensu suka kwaso musu, da waɗanda aka ƙara wa jini. Addininmu ya haramta alfasha da kakkausan lafazi, amma bai taɓa mayar da jinyar majinyaci lada ga laifi ba. A 2002, yana da shekara 80, Helms ya fito ya ce yana jin kunyar abin da bai yi ba, ya nemi a ware dala miliyan 500 domin hana uwa sa wa jaririnta cutar, musamman a Afirka. Mun rubuta masa wannan ma, kuma ba ƙaramin abu ba ne dattijo ya yi nadama a bainar jama'a. Sai dai ƙuri'ar 1982 da ta 1983 da ta 1986 suna nan a rubuce yadda ya jefa su.

Za a ce mana, to ai 'yan ɗaya ɓangaren ma ba waliyyai ba ne. Haƙiƙa ba su ba ne, kuma ƙuri'a 93 ba ta taruwa da jam'iyya guda. Takunkumin da ya galabaitar da yaran Iraƙi ma ya ci gaba ne a ƙarƙashin Clinton. Ba mu rubuta wannan domin mu cire 'yan'uwa daga wata rumfa mu kai su wata ba. Haɗuwa da mutum a kan mas'ala guda halal ce, Manzon Allah (SAW) ya yabi ƙawancen da Ƙuraishawa suka ƙulla tun kafin aike domin taimakon wanda aka zalunta. Amma wancan ƙawance an gina shi ne a kan ƙwato wa baƙo mai rauni haƙƙinsa daga hannun mai ƙarfi, littafin Helms kuwa, shafi bayan shafi, yana nuna shi tsaye a bayan mai ƙarfi: Ian Smith, Botha, Pinochet, D'Aubuisson, kamfanonin taba.

Ya mutu ranar 4 ga Yulin 2008. Dokar Ƙudus da ya mara wa baya ta kwanta shekara 22 shugabanni suna ɗage aiwatar da ita duk bayan wata shida, har Shugaba Trump ya zo, da goyon bayan waɗannan masu ra'ayin riƙau na coci, ya aiwatar da ita. Ranar 14 ga Mayun 2018 aka buɗe ofishin a Ƙudus, fastoci suka yi addu'a a wurin bikin, a ranar kuma sojojin Isra'ila suka kashe Falasɗinawa fiye da 50 a bakin shingen Gaza.