Wane Ne Ya Naɗa Shi?

Ya kai mai karatu, ka taɓa ƙidaya sarakunan da ke garinku? Gwada ka gani. Akwai sarkin fawa, akwai sarkin maƙera, akwai sarkin aska. Ga sarkin noma, ga sarkin kasuwa, ga sarkin tasha. A ƙasar Mayahi har gari akwai mai suna Sarkin Hausa. Kalma ɗaya ce, amma kowane da aikinsa. Sarkin fawa ba ya raba gardamar gona. Sarkin aska ba ya karɓar lanho.

Manyan sarautu kuma suna ɗauke da tarihi. Sarkin da ke Maraɗi, Sarkin Katsina ake ce masa. Na Tsibiri kuwa Sarkin Gobir. Kakanninsu sun baro biranensu bayan jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo, amma sun taho da sunan sarautarsu.

Dubi kalmar malam. Wanda ya haddace Alƙur'ani malam ne. Mai koyar da ku a ajin yaƙi da jahilci malam ne. Baƙon da ba ka san sunansa ba, sai ka ce: "Malam, sannu da zuwa." Na farko da na biyu ilimi ya ba su sunan. Na ukun kuwa ladabinka ne ya ba shi. Haka alhaji da hajiya. Asali na wanda ya je Makka ne. Yau duk mai babbar riga da mota alhaji ne. Likita ma haka. Wanda ya yi shekaru yana karatun aikin likita, sunansa ke nan. Mai yawo da kwalin ƙwayoyi bisa kai, shi ma sai ka ji yara suna kiransa likita.

To, ga ra'ayina. Girmama mutum da suna ba laifi ba ne. Ladabi ne, kuma ba ya cin ko dala. Amma in za ka ba mutum ɗanka, ko kuɗinka, ko gonarka, kada sunan ya ishe ka. Ka yi tambaya biyu. Wane ne ya naɗa shi? Kuma don wane aiki?

Kakanninmu sun san wannan. A ƙasar Maraɗi, a da, mutum ba ya kwana ya tashi ya ce shi sarkin noma ne. Sai ya noma dami dubu. Sai ya yi bikin dubu, ya tara jama'a, ya ciyar da su, ya yi kyauta har rumbu ya ji a jikinsa. Kowa ya gani da idonsa. Sannan a ba shi sunan. Aiki ne gaba, suna na biye.

Wanda ya naɗa kansa kuwa, ƙarshensa ba kyau. A shekara ta 1899 wani kaftin na Faransa mai suna Bule ya shigo ƙasar nan da sojoji. Ya ƙone garuruwa, ya kashe mutane masu yawa, har da na Birnin Ƙonni. Faransa ta aiko wani kanar ya tsai da shi. Bule ya sa aka harbe kanar ɗin a Dankori, ran 14 ga Yuli. Ya ce daga ranar shi sarki ne, zai kafa ƙasar kansa. Bai yi mako guda ba sojojinsa suka kashe shi. Kabarinsa yana Maijirgi, kusa da Tasawa. Bindiga ya riƙe, amma ba wanda ya naɗa shi.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya shafe ka.

Na farko, lafiya. Ɗanka ya kwana da zazzaɓi. Mai kwali ya ba ka ƙwaya ja da fara, ka biya. Bai auna yaron ba. Bai san nauyinsa ba. Ƙwayar ta sha rana a kasuwa, wataƙila ma lokacinta ya wuce. In cutar sauro ce, kwana biyu na jira suna iya kai yaro kabari. A gidan likita ana ɗibar ɗigon jini a yatsa, a gane cutar nan take. Ke uwa, ki kira mai kwali da sunan da kike so, amma ki kai yaron gidan likita.

Na biyu, gona. Tun shekara ta 1993 Nijar take da dokar karkara. Dokar ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira kofo. Na ƙauye, mai gari ne shugabansa. In ka sayi gona, ko aka ba ka aro ko jingina, ka nemi takarda daga wurinsu, gaban shaidu. Kada ka yarda da takardar da wani alhaji ya rubuta shi kaɗai cikin zaurensa. In rigima ta tashi, mai gari da sarki suna yin sulhu. In sulhu ya ƙi, alƙali ke yanke hukunci. Kowa da iyakarsa.

Na uku, hukuma. Sunayenta suna sauyawa. Zamanin Turawa kwamanda ne. Bayansa aka yi sufurufe. A 2004 aka zaɓi magadan gari. A 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisunsu, ta sa waɗansu su riƙe. Sarki goma, zamani goma. Saboda haka in wani ya zo ya ce hukuma ce ta aiko shi karɓar kuɗi, ka ce ya nuna takarda. In ka biya, ka karɓi rasit. Ka duba hatimi, ka duba yawan kuɗin da aka rubuta.

Wani zai ce: "Haba! Tambayar babba ai rashin kunya ce." A'a, ɗan'uwa. Akwai tambaya cikin ladabi. Ka gaishe shi, ka ce: "Ranka ya daɗe, a taimake ni in ga takardar." Mai gaskiya ba ya jin haushi. Wanda ya husata ya hau faɗa, to, ka yi hattara da shi.

Ku kuma masu riƙe da suna, ku tuna: kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. In an ce maka sarkin fawa, kada mushen dabba ya shiga kasuwa. In an ce maka malam, ka koyar da abin da ka sani, ka tsaya nan. In an ce miki ungozoma, haihuwa ta yi wuya, ki ce a tafi gidan likita tun da wuri.

Kai mai karatu, da can sai abin da aka faɗa maka. Yau kana iya karanta suna, da hatimi, da kwanan wata. Ka yi aiki da wannan. Matambayi ba ya ɓata.