Wa Zai Karɓi Fartanya Daga Hannun Dattawan Boko?

 

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya biyo hanyar Kano zuwa Katsina da damina, ya ratse a Kankiya ya nufi ƙasar Kusada har garin Boko, zai ga abin da ya isa ya hana mu barci. Da yawa daga masu sunkuye a gonakin gero da dawa da wake masu furfura ne, alhali a gindin bishiya ga samari majiya ƙarfi suna zaman kashe wando, wasu kuma sun tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas, ranin ya wuce ba su dawo ba.

A ƙasar Japan, inda kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a suka kai shekara 65, kukan da ake yi shi ne ƙarancin haihuwa. Mu kuwa Allah Ya yalwata mana zuriya. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8, kuma kusan rabin 'yan Nijeriya ba su kai shekara 20 ba. Ashe ke nan gonakinmu ne suka tsufa, alhali gidajenmu cike suke da matasa.

Me ya kawo haka? A da akwai gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma tare, a ci daga rumbu ɗaya, uban ya yi wa ɗa aure, ya kuma yanka masa gayauna. Yau gandu ya watse, gonaki sun tsuke saboda yawan magada, taki ya yi tsada, kuma tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri da na ƙwadago suka ƙara hawa. Masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda ke sayen audugarmu su ɗauki yaranmu aiki, mafi yawansu sun daɗe da rufewa. Kada kuma alƙaluma su ruɗe mu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan a 2023 ta ce kashi 4.1 ne, bayan ta canza ma'auni ta mai da wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako mai aiki. Saurayin da ya yi dako sau ɗaya ranar kasuwa ya shiga lissafin ma'aikata, amma cikinsa ya san gaskiya.

Sakamakon a fili yake. Dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, kuma ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago, sai ya rage abin da yake shukawa, ko ya ba da gonarsa jingina, ƙarshe ta salwanta. Sanin ƙasa da irin shuka da lokacin huɗa yana bin masu shi kabari. Saurayin da ba shi da sana'a kuwa shi ne dillalan ƙwaya da masu neman 'yan banga ke fara nema, wal'iyazu billahi.

Adalci ya wajabta mu faɗi laifin kowa. Ɗan da ya bar mahaifinsa yana noma cikin rana shi yana zaune, ya tauye haƙƙin iyaye. Haka nan uban da ke sa ɗansa wahala tun daga shuka har girbi, sannan ya sayar da amfanin bai ba shi ko dami ɗaya ba, shi ya kore shi daga gona.

Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu. Na farko, iyaye su yanka wa 'ya'yansu gayauna, ko su ƙayyade musu rabo tun kafin shuka. Na biyu, kwamitocin masallatai su farfaɗo da gayya, a fara da gonakin tsofaffi da na marayu. Na uku, mawadatan Kankiya da Kusada su ba matasa jari ta hanyar haɗin gwiwa a raba riba, ba tare da kuɗin ruwa ba, kuma a fitar da zakkar amfanin gona ta isa ga mabuƙata na kusa. Na huɗu, ƙananan hukumomin biyu su kai taki hannun manomi kafin ruwan fari, su kuma buɗe hanyar noman rani, domin watannin rani ne ke fitar mana da yara daga gida.

Magabata sun ce na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Idan ba mu karɓi fartanyar nan da hannunmu yau ba, gobe 'ya'yanmu za su auni tsaba daga gonar da kakanninsu suka sare dajinta.

Allah Ya shiryar da matasanmu, Ya jiƙan dattawanmu, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.