Tsohon Doki Sai Mai Shi: Kafin Ka Sayi Jif Mai Dizal da Ta Sha Tafiya

A watan da ya wuce wani abokina, injiniyan ruwa da ke aikin rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Jigawa da Yobe, ya turo mini hotuna shida da tsakar dare. Prado ce fara, ƙirar 2012, mai shan dizal, ba ta daɗe da sauka daga Turai ba. Hoto na ƙarshe na mita ne: kilomita 287,000. Dillali ya ce masa kada wannan ya ɗaga masa hankali, wai a nan ne ma injin dizal yake fara buɗe ido. Idan zai saya, sai ya sayar da Corolla ɗinsa ya haɗa da ajiyar shekara uku. Tambayarsa ɗaya ce: wannan tafiyar ba ta yi yawa ba?

Na ce masa lambar da ke kan mita ita ce abu na ƙarshe da zan duba. Ga dalilina, tunda na san ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba.

Maganar dillalin tana da tushe, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Injin dizal ba ya amfani da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, kuma a tsofaffin injuna matsin kan kai ninki 20 ko fiye, alhali na fetur yana wajen ninki 10. Injin da zai jure wannan dole a ƙera shi da ƙarfe mai kauri, ga shi kuma ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, don haka yana jinkirin cinyewa. A kan wannan aka gina sunan Land Cruiser da Hilux. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki rundunar Libiya mai tankokin yaƙi a cikin motocin a-kori-kura, har aka raɗa wa wannan faɗa suna Yaƙin Toyota. A 1990 kamfanin ya fito da injin 1HZ, mai lita 4.2 da silinda shida, ba turbo, ba kwamfutar da ke sarrafa mai, ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba. Nawa gare shi, mai gaggawa ba zai so shi ba, amma irinsa sun haura kilomita rabin miliyan ba a buɗe su ba. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji suka riƙe shi shekara da shekaru, shi ya sa kuma bakanike a Agadas zai kwance famfonsa a kan tabarma ya mayar.

Sai dai kalmar dizal ta haɗa iri biyu da ba su da alaƙa sai ta suna. (A tasha gas ake ce masa, kuma tun da motocin CNG suka shigo sai an tambaya wane gas ake nufi.) Motar da aka nuna wa abokina tana ɗauke da injin 1KD, wanda Toyota ke yi wa tambarin D-4D. A irin wannan tsari famfo yana tara mai a bututu guda da matsin da ya haura bar 1,500, sannan kwamfuta ta riƙa buɗe injekta sau da yawa a kowane bugu. Don a gane girman abin, iskar tayar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3. Ramukan da mai ke fita ta cikinsu siraran gaske ne, kuma man da kansa shi ne ke sa wa famfo da injekta santsi. Ɗan ruwa, ɗan ƙura, ko kananzir da aka surka don a ƙara riba, duk suna iya karce su. Tsohon famfo zai yi tari ya wuce. Wannan kuwa idan ya fara cinyewa, garin ƙarfe yake aikawa cikin injekta huɗu gaba ɗaya. Injekta mai zubar da mai fiye da kima tana iya fasa fistin, kuma masu 1KD a ƙasashe da dama sun san wannan ciwo, kamar yadda suka san matsalar wasar da ke ƙarƙashin injekta, wadda idan ta saki sai baƙin mai ya daskare ya toshe hanyarsa.

Saboda haka a kilomita 287,000 ƙarfen injin yana iya zama lafiya lau, amma kayan da ke kewaye da shi sun kai lokacin da ake sauya su: injekta, turbo, famfon ruwa, kuloci idan mai giyar hannu ce, robobin ƙafa, da bel ɗin taimin da ake canjawa duk kilomita 150,000 a wannan inji, wato karo na biyu ya ƙarato. Bature da ya sayar da ita ya san wannan lissafi. Sau da yawa shi ne ma dalilin sayarwar.

Akwai kuma abin da dokar Turai ta ɗora wa motar. Tun daga ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5, da ta fara aiki a 2009, motocin dizal na can suna zuwa da matatar toka a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Tana tara baƙin hayaƙi, sannan ta ƙone shi idan mota ta samu doguwar tafiya da gudu, injin ya yi zafi sosai. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa ofis ce cikin cunkoson Kano ko na Nyanya ba zai ba ta wannan dama ba, sai ta toshe, fitila ta kama, mota ta ƙi ja. An kuma ƙera ta ne don dizal ɗin Turai, wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto kan yadda 'yan kasuwa ke kawo wa Afirka ta Yamma dizal mai sulfa ninkin na Turai sau ɗaruruwa. An tsaurara ƙa'ida bayan haka, matatar Dangote ma ta fara fitar da dizal a 2024, kuma al'amura sun gyaru a manyan gidajen mai. To amma abokina ba a Victoria Island yake aiki ba. Idan tanki ya yi ƙasa a bayan Machina, jarka ce a bakin hanya, kuma ba wanda ya san abin da ke cikinta. Maganin da garejinmu suka sani shi ne a cire matatar a sake wa kwamfuta lissafi. Wani ya iya, wani kuwa zai bar ka da motar da ba ta san nawa za ta sha ba, ga hayaƙin da 'ya'yanka za su shaƙa a harabar gida.

Yanzu mu koma kan mitar. Na farko, ba sirri ba ne cewa ana mayar da ita baya, a can kafin a ɗora wa jirgi ko a nan bayan an sauke, kuma ta dijital ba ta fi ta da wuya ba ga mai na'ura. Na biyu, a duba ko mil take ƙirgawa ko kilomita, domin mil 200,000 sun haura kilomita 320,000. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, ko da lambar gaskiya ce ba ta faɗin irin rayuwar da motar ta yi. Kilomita 300,000 a kan babbar hanyar Jamus, da juye a kan lokaci, sun fi sauƙi ga inji a kan 120,000 na motar rakiya da ta wuni a kunne a ƙofar ofis saboda direba na shan AC. Injin yana juyawa, baƙin mai yana lalacewa, mita kuwa ba ta motsa ba. Motocin gwanjo na ma'aikatu da kamfanoni suna da wannan ɓoyayyen tsufa. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa sukan ajiye littafin gyara, kuma idan aka samu motarsu da littafinta cikakke, ni a wurina wannan takarda ta fi kowace lamba daraja.

Motar ƙasar sanyi tana da nata ciwon. Gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cin shasi daga ciki. Inji ana sauya shi, akwai su a Ladipo da Ƙofar Ruwa da Panteka. Shasin da ya ruɓe kuwa sai walda a kan walda. Idan ka leƙa ƙarƙashin mota mai shekara goma sha ka ga baƙin fenti sabo fil yana ƙyalli, tambayi abin da aka rufe.

Sai batun kuɗin mai, wanda shi ne hujjar da aka fi kawowa. Gaskiya ne dizal ya fi auki, yakan rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na litocin da fetur zai sha a mota mai nauyi iri ɗaya. Amma a Najeriya an daɗe da sakin farashinsa ga kasuwa, tun kafin Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Masu janareto ba za su manta da 2022 ba, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 300 ta haura 800 a cikin shekara guda. Cire tallafi ya rage tazarar da ke tsakanin man biyu, wannan kuma ya ƙara wa dizal hujja. Sai dai mu yi lissafi na misali. Ma'aikacin da ke tafiyar kilomita 12,000 a shekara, idan jif mai fetur tana sha masa lita 13 a kowane kilomita 100, zai sayi lita 1,560. Mai dizal da ke shan lita 10 za ta ci 1,200. Bambancin lita 360 ne, kafin a cire tsadar da litar dizal kan yi a kan ta fetur. Saitin injekta na asali sau ɗaya zai iya haɗiye ribar shekaru. Wanda ke cin kilomita 40,000 a shekara da kaya a baya, nasa lissafin daban ne, kuma shi dizal zai iya biya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙarancin masu gyara. Mafi yawan Hilux da Prado da ke yawo a Najeriya masu fetur ne, yawanci injin 2TR mai lita 2.7, domin shekarun tallafi sun sa kowa ya karkata can. Bakanikenmu ya ƙware a kansa, kayansa kuma suna kowane gari. Masu gyaran dizal da muke da su galibi a kan tirela da tifa da janareto suka koyi aiki. Wanda ke da na'urar gwada injektar zamani, ya kuma iya shigar da lambarta cikin kwamfutar mota, sai a manyan birane, su ma ƙidayayyu. A Nijar dizal ya fi zama ruwan dare a irin waɗannan motoci, don haka mai karatu a Damagaram ko Maraɗi zai iya sassauta wannan gargaɗi. A Gashuwa kuwa, motar da ta tsaya saboda na'ura ta rikice sai a ɗora ta a bayan wata zuwa Kano.

Ra'ayina ke nan, kuma na san zai ɓata wa wasu rai. Yawancinmu masu sha'awar irin wannan mota ba ma bukatarta. Likita ko lauya ko ma'aikacin banki da ke zuwa ƙauye sau biyu a shekara, da ƙaramar Sallah da babba, yana sayen kwarjini ne, ya kuma biya da tayoyi masu tsada da giyar agzilari da ba zai taɓa sakawa ba. (Gara ma kada ya saka: a Hilux da ire-irenta, tafiya da ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta tana ɗaure giya ta lalata ta.) Ga shi a hanyoyinmu na yau farar jif tana jan idon da mai hankali ba ya so. Ga irin wannan mutum amsata a'a ce, komai kyan farashi.

Abokina ba ya cikin wannan sahu. Yashi da laka su ne ofishinsa, kuma Corolla ta sha kwana a hanya da damina. Na ce masa ya sayi mai ƙafa huɗu, kuma yawan kilomita kada ya hana shi, amma ba wannan ba. Ya nemi mai tsohon tsari, 1HZ ko 5L, wadda aka ƙera don kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ko kuma ya haƙura da son dizal ya ɗauki Hilux mai fetur da kowane gareji ya sani. Kowacce ya zaɓa, kada ya zuba duk abin da ya mallaka a kuɗin saye. Ni da zan ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don watanni shida na farko, in canja bel ɗin taimin da duk mayuka da matatai a makon farko ba tare da jin rantsuwar kowa ba, in ƙara matatar da ke raba ruwa da mai.

Bai ji daɗi ba, domin zuciyarsa ta riga ta zauna a cikin farar Prado. Ya ce aƙalla zai gwada ta. Na ce to ya tafi da bakaniken da shi zai biya, wanda ba shi da rabo a la'ada, kuma su je da sassafe su tarar da injin a sanyaye, su fara taɓa shi da hannu kafin a murza makulli. Dizal mai rauni da safe yake tona kansa: jinkirin tashi, karkarwa, farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa, ko shuɗi mai nuna yana ƙona baƙin mai. Su buɗe murfin baƙin mai injin na aiki su ga ko yana huci kamar tukunya, su sa na'ura ta karanta yadda kowace injekta ke aiki, su saka agzilari a kan ƙasa su ji ko tana shiga tana fita, sannan su nemi tarihin motar da lambar shasi tare da takardun kwastam.

Ya kira dillalin ya ce zai zo bayan sallar asuba. Dillalin ya ce makulli na hannun yaro, kuma yaron ba ya fitowa sai ƙarfe goma, amma kada ya damu, kafin ya iso za a tayar da ita ta yi ɗumi. Sau biyu suna haka. A makon jiya ya turo mini wasu hotunan, na wata Hilux mai ƙofa huɗu da fentinta ya koɗe, kilomita 340,000, da littafin gyara da ya cika har bango. Ranar Asabar za su je ganinta da ƙarfe shida.