Mai Albashi, Ɗan Jinga Ko Ɗan Kwangila: Wa Zai Yi Wa Yaranmu Littafi?

Kwanakin baya wani babban malamin firamare a nan Mando ya kawo mini littafin karatu na 'yan aji biyu, ya ce in duba. Ban kai shafi na biyar ba sai na ga an rubuta baki inda ake nufin baƙi, karya inda ake nufin ƙarya. Da na bi sawu, ashe ofishin da ya ba da aikin ya ɗauke shi ne ɗungum ya miƙa wa wani kamfani kwangila, rubutu da zane da bugu duka, ba a ɗora wa kowa nauyin karanta shi kafin a buga ba. To, kuɗi sun tafi, malamai kuwa suna ta gyara da alƙalami.

Jama'a, kowace hukuma da ke son a yi mata littafi tana da hanya uku. Ko ta ɗauki ma'aikata ta riƙa biyansu albashi, ko ta nemi marubuta da masu zane na waje su yi mata jinga, ko kuwa ta ba kamfani kwangila. Ra'ayina shi ne ukun nan kamar duwatsun murhu suke, kowanne da inda ya kamata a girka shi. Ba sai mun je Ingila neman misali ba, ga Zariya nan kusa.

A 1933 Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Waɗanda suka amsa kiran mutane ne masu aikinsu dabam. Malam Abubakar Imam da wansa Malam Bello Kagara suna koyarwa a Katsina, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauci. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Da a ce hukumar ta dogara ga 'yan ofishinta kaɗai, da wuya ta sami Hausar Katsina da ta Bauci da ta Kano a lokaci guda. Amma a lura, akwai wanda yake zaune a ofis yana karantawa, yana gyarawa, yana daidaita rubutu.

Sa'an nan da aka ga gwanintar Imam, sai aka aro shi daga Midil ta Katsina a 1936, ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aikin da ba ya yankewa, sai aka riƙe shi ya zama editanta. Watau an fara gwada shi daga waje, aka aro shi domin aiki mai iyaka, aka ba shi kujera sa'ad da aikin ya zama na kullum. Wannan jeri ya isa abin koyi.

Ɗaukar ma'aikata da yawa shi ma ba ya tsare asara. NORLA, wadda ta kama aiki a 1954, ta buga littattafai masu yawa lokacin Yaƙi da Jahilci, duk da haka aka rufe ta a 1959 saboda matsalar kuɗi. Da aka kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966, sai aka haɗa gwiwa da Macmillan, waɗanda suka san cinikin littafi. Nan ne amfanin kamfani yake: bugu, da ɗauri, da kai kaya kasuwa.

Marubutan da suka riƙa buga littattafansu da kansu a Kano tun daga shekarun 1980 sun nuna mana ɗaya gefen. Sun sa dubban mutane karatu, musamman mata, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne. Amma da yake yawancinsu ba su sami edita ba, ƙa'idar rubutu ta sha wuya a littattafai da dama.

Saboda haka ga shawarata. Hukuma ta riƙe mutum biyu ko uku na dindindin, masu sanin ƙa'idar Hausa da manhaja, su ne za su tsara abin da ake so, su kuma sa hannu kafin a buga, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rubutu da zane a neme su wurin malamai da marubutan waje, a rubuta yarjejeniya, a sa sunansu a bangon littafi, a biya su kan lokaci. Kamfani kuwa a ba shi bugu da rabawa, kada a ba shi ikon cewa littafi ya yi.

Wani zai ce albashin mutum uku nauyi ne. Haka ne, amma sake buga littafin da aka riga aka raba wa makarantu ya fi shi nauyi, balle cire kuskure daga kan yaro ɗan shekara bakwai. Araha ba ta ado. Allah ya sa masu riƙe da al'amarin su duba.