Daga Augie zuwa Chappal Waddi: wa ke riƙe da dazukan Arewa?

Duk shekara idan damina ta ɗauke, sanyi ya shigo, ƙananan ayarin matasa daga Abuja da Legas da Jos sukan ɗaure jakunkuna su nufi Jihar Taraba don hawan Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya. Tsayinsa mita 2,419 ne, yana kan iyakar Kamaru, a cikin Gandun Daji na Ƙasa na Gashaka Gumti. Tafiyar ƙasa ce ta kwanaki, da ɗan jagora da 'yan dako, ana ratsa rafuka da rugagen Fulani, ana kwana a tanti.

Mutumin Augie da ya ga hotunan wannan tafiya a wayarsa yana iya ɗaukar abin a matsayin shagalin masu hannu da shuni, kuma ba za a ga laifinsa ba. A ƙasarsa shiga daji ya daina zama abin nishaɗi. Ranar 8 ga Nuwamban 2024 Lakurawa suka kora shanun garin Mera da ke wannan ƙaramar hukuma ta masarautar Argungu, mutanen gari suka bi sawu, aka kashe 15 daga cikinsu. Sai dai labaran biyu, na mai hawan dutse da na mai bin sawun shanu, tushensu ɗaya: shin hukuma ce ke riƙe da daji, ko masu bindiga?

Jihar Kebbi ba ta da gandun daji na ƙasa. Amma idan aka dubi taswira, za a ga manyan gandaye uku sun yi mata ƙawanya. Ta kudu akwai na Tafkin Kainji, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 5,000 a jihohin Neja da Kwara. Ta gabas akwai Kamuku a ƙasar Birnin Gwari. Ta yamma kuma, a ƙetaren iyaka, akwai gandun W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kai. A yau babu ɗaya daga cikin ukun da mai hankali zai shiga da jaka a baya don shan iska.

Kamuku ya daɗe a hannun 'yan bindiga. A gandun W, ɓangaren Benin, nakiyoyi sun hallaka ma'aikatan gandu da wani mai horar da su ɗan Faransa a Fabrairun 2022. Kainji kuwa, tun 2024 cibiyar nazari ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta yi gargaɗin cewa masu iƙirarin jihadi daga yankin Sahel sun samu mafaka a cikinsa, kuma a 2025 sunan ƙungiyar Mahmuda ya cika rahotanni daga ƙauyukan da ke kewaye da shi. Abin da ya faru a Kure ta Nijar, inda aka kashe Faransawa shida da direbansu da jagoransu 'yan ƙasa a wurin kallon raƙuman dawa a Agustan 2020, ya isa ya nuna yadda harin yini ɗaya kan rufe kasuwar da aka yi shekaru ana ginawa.

Me ya sa Gashaka Gumti ya bambanta? Nisansa da Sahel da wahalar duwatsunsa sun taimaka, babu shakka. Shi ma ya sha fama da mafarauta da masu saran madobiya da masu haƙar ma'adinai, har an rasa rayukan ma'aikata. Amma a 2017 Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors. Aka ɗauki matasan yankin aikin sintiri, aka horar da su, aka ba su kayan aiki, aka kuma riƙa zama da sarakuna da ardoɗin makiyayan da ke zaune a cikin gandun da gefensa.

A nan ne hanyar hawan dutse take da muhimmancin da ya wuce nishaɗi. Hanyar da ake bi a kai a kai, akwai mai share ta, akwai mai sayar da nono da ƙwai a bakinta, akwai ɗan acaɓan da ke kai baƙi inda mota ba ta zuwa. Duk waɗannan suna da abin da za su yi asara idan baƙon ido mai bindiga ya kafa sansani, don haka su ne farkon masu kai labari. Dajin da aka killace a takarda, aka hana manomi da makiyayi shiga, sannan ba a ajiye kowa a ciki ba, kyauta ce aka miƙa wa wanda ya fara isa da makami. Tanzaniya ta gane wannan tun tuni: ba a hawan Kilimanjaro sai da jagora mai lasisi, kuma dubban iyalai ne ke ci daga wannan doka.

Kada dai a yaudari kai. Ƙungiyar African Parks ta karɓi ragamar gandun W na Benin a 2020 da kuɗi da ƙwarewa, amma hakan bai hana hare-hare ba. Ma'aikacin gandu ba soja ba ne, kuma inda abu ya kai matsayin Kainji, aikin soja ne da farko. Abin da ya fi wuya shi ne wanda zai zauna bayan soja ya janye.

Wannan ce tambayar da ke gaban shirin dakarun tsaron daji da Shugaba Bola Tinubu ya amince da shi a Mayun 2025 don tsare dazuka sama da dubu. Idan aka ɗebo matasa ta hannun 'yan siyasa, aka ba su bindiga, albashi ya riƙa makalewa, to an ƙara wata rundunar 'yan sa-kai ce kawai. Tarihin Lakurawa kansa gargaɗi ne: a yankin Tangaza da Gudu na Jihar Sakkwato, da sunan masu kare jama'a daga ɓarayin shanu suka fara samun gindin zama, kafin kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda a Janairun 2025. Haka kuma sababbin gandaye goma da gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da su a 2020, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina, sauya musu suna bai kori kowa daga cikinsu ba.

Kebbi ba ta rasa abin nunawa. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin UNESCO a 2016, ga gidan tarihin Kanta, ga duwatsun ƙasar Zuru. Amma biki na 'yan kwanaki ne, ana iya jibge masa jami'an tsaro a watse. Hanyar ƙasa kuwa kullum take buƙatar aminci. Kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, yana nan da ganuwarsa ta dutse a cikin Jihar Sakkwato, ba nisa ƙwarai da Augie, amma shugaban makarantar da zai ɗebi ɗalibansa ya kai su su ga inda kakanninsu suka yi mulki, a halin da ake ciki sai ya yi dogon tunani, kuma iyaye kaɗan ne za su sa masa hannu.