Man Kifi a Kafso: Kada a Saki Reshe a Kama Ganye



Kwanakin baya wani dattijo daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram ya zo ɗakin magani na asibitin da nake aiki a Birnin Kudu, ɗansa na riƙe da hannunsa. Yana da hawan jini da ciwon suga, kuma bara ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Kamar yadda na saba, na ce a zazzage min ledar magungunansa a kan tebur. Maganin hawan jini ya kusa ƙarewa, na suga ma haka, amma atorvastatin, wanda likita ya rubuta masa domin rage kolestarol, ko ɓallewa ba a yi ba. A gefensa ga wata kwalba mai hoton kifi.

Ɗan ya ce, "Likita, ai mun samo wa Baba wanda ya fi wancan. Man kifi ne daga Turai. An ce yana wanke kitsen jini, kuma ba shi da illa." Na buɗe kwalbar, ƙarni ya buge ni, kafson kuwa duk sun manne da juna. Kuɗin da yaron ya kashe a kanta ya fi na atorvastatin ɗin wata guda, kuma saboda ƙaunar mahaifinsa ya kashe shi. Takardar gwajin jinin Baba ta nuna kolestarol ɗinsa ya koma inda yake kafin a fara magani.

Ra'ayina a kan wannan shi ne: kifi abinci ne mai albarka, ka ci shi gwargwadon hali, amma kafson man kifi na kanti ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta, kuma ga yawancin iyalai a nan yankin asarar kuɗi ne. Bari in kawo maka hujjojina.

Abin da muke kira "kitsen jini" ba iri ɗaya ba ne. Na farko shi ne kolestarol, ɗan gidan wasu sinadarai da ake kira sitarol. Kamarsa kamar kakin zuma, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi, domin da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da ruwan matsarmama, da sinadaran balaga, har da bitamin D da fata ke yi in rana ta taɓa ta. Mafi yawansa jikinka ne ke ƙera shi, musamman hanta, abinci kuwa kaɗan yake ƙarawa. Nau'insa da takardar gwaji ke rubutawa LDL shi ne ke taruwa a bangon jijiyoyin jini har ya toshe su. Kitse na biyu kuma shi ne wanda ake rubutawa TG, wato rarar mai da sukari da jiki ya tara. Atorvastatin da 'yan'uwansa hanta suke hanawa ƙera kolestarol da yawa. Man kifi kuwa TG yake ragewa, in an sha da yawa. Ba ya sauke LDL, wani lokaci ma yakan ɗan ɗaga shi. Ka ga ke nan an ba Baba maganin abin da ba shi ne damuwarsa ba.

Amfanin man kifi yana cikin wasu sinadarai biyu, EPA da DHA, waɗanda ake haɗawa a kira omega-3. Asalinsu daga gansakukar teku ne, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Ƙananan halittu su ci gansakukar, sadin da shawa da taitus su ci halittun, man ya taru a jikinsu. Ka lura da yadda man shanu ke sandarewa da hunturu. Wannan man ba ya yin haka, shi ya sa kifin da ke rayuwa a ruwan sanyi na tekun Nowe ke tara shi da yawa.

Labarin shahararsa ya fara ne a 1970, lokacin da wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Denmak, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka tafi tsibirin Girinlan suka auna jinin mutanen Inuwit, waɗanda abincinsu kifi ne da naman dabbobin teku. Sun tarar da TG ɗinsu ƙasa yake, jininsu kuma ba ya saurin daskarewa, sai suka yi hasashen cewa abincin ne ke kare zukatansu. Daga nan kamfanoni suka ɗure man a kafso. Sai dai hasashe daban, gwaji daban. A 2018 aka fitar da sakamakon manyan bincike biyu. A Amurka, binciken VITAL ya bi mutum sama da 25,000 na kimanin shekara biyar, rabinsu na shan giram 1 na man kifi kullum, rabi na shan kafson da ba man kifi a ciki. A Birtaniya, binciken ASCEND ya yi irin haka da masu ciwon suga sama da 15,000. Duka biyun ba su sami bambanci mai ƙarfi ba a jimillar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Magungunan gidan atorvastatin kuwa, bincike da yawa sun tabbatar cewa duk saukar LDL da ma'auni 1 na milimol tana rage wannan haɗari da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Wani zai ce ai akwai binciken da ya nuna amfani. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye maka ba. A binciken REDUCE-IT, shi ma na 2018, an ba marasa lafiya kimanin 8,000 ko dai tataccen EPA giram 4 a rana ko kafson kwatanci, aka sami raguwar haɗari da kashi 25 cikin 100. Amma dubi sharuɗɗan. Dukkansu TG ɗinsu ya yi sama, dukkansu suna shan maganin kolestarol ba su daina ba, kuma abin da aka ba su magani ne na takardar likita. Kafson kanti mai miligiram 1,000 yawanci miligiram 300 kacal na EPA da DHA ke cikinsa, sai ka haɗiye fiye da goma kullum kafin ka kusanci wancan adadi. Yawan shan ma yana da nasa haɗari: yana iya kawo rikicewar bugun zuciya, kuma mai shan warfarin ko aspirin ko clopidogrel bai kamata ya ƙara shi ba sai da sanin likitansa, saboda zubar jini.

Akwai kuma man hantar kifi, wanda iyaye mata ke saya wa yara, kuma mutane kan ɗauka duk abu ɗaya ne. Wannan daga hantar kifin kod ake matso shi, yana ɗauke da bitamin A da bitamin D masu yawa. A 1919 Edward Mellanby a Ingila ya nuna yana warkar da laushin ƙashi, ciwon da ke lanƙwasa ƙafafun yara, kuma ya taimaki ƙasashen da rana ba ta cika fitowa ba. Amma bitamin A ba ya fita da fitsari, a hanta yake taruwa, kuma yawansa na iya nakasa jaririn da ke ciki. Ke mai juna biyu, kada ki sha shi don maƙwabciya ta yaba. Ki tsaya a kan maganin ƙarin jini da folik asid da aka ba ki a wurin awo.

Sai maganar zafi, wadda ta fi shafar mu. Siffar da ta hana wannan mai sandarewa ita ce ta sa yake saurin lalacewa in ya haɗu da iska da haske da zafi. A jikin kwalba za ka ga an rubuta a ajiye a wuri mai sanyi, ƙasa da digiri 25 ko 30. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu kan haura 40, a cikin shago mai rufin kwano ya fi haka, ga jakar mai talla da ke yini a rana ranar kasuwar Sara. Lambar NAFDAC na nuna an yi wa kayan rajista, amma ba ta ba ka labarin watannin da ya yi a zafi ba. Kafson da ya manne, ko yake sa gyatsa mai ƙarni da ɗaci, mai yiwuwa ya riga ya lalace.

To, me za ka yi? Ka ci kifin kansa. Shawarar masana ciwon zuciya ita ce sau biyu a mako, musamman mai maiƙo. Yankan taitus mai nauyin giram 100 yana ba ka fiye da giram 1 na omega-3, wato ya zarce kafso uku, ga furotin ga bitamin D, kuma dukan gida ne za su amfana da romonsa. Na san kifin ƙanƙara ya yi tsada, teku kuma tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga Jigawa. Amma wanda ya iya sayen kwalbar kafso zai iya sayen shawa ko sadin na gwangwani. Tarwaɗa da karfasa da bandar Haɗeja ba su kai na teku omega-3 ba, duk da haka in sun maye gurbin kitse da kayan ciki a miya, jijiyoyinka sun ci riba. A dafa ko a gasa ya fi a soya cikin man da aka yi kwana uku ana maimaitawa. Kada kuma uwargida ta ji tsoron garin jatan lande don an ce yana da kolestarol, cokalin da take zubawa a miya ba shi ne matsala ba. Yawan kitsen nama da man shanu ne suka fi tunzura hanta. Riɗi da gyaɗa da muke nomawa ma suna da nasu sitarol na tsirrai, wanda ke rage wa hanji tsotsar kolestarol.

Na kwashe kusan rabin awa ina yi wa ɗan Baba wannan bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi na ɗauka taimakonsa nake yi." Na ce masa niyyarsa mai kyau ce, gyara kawai take so. Likita ya mayar da Baba kan maganinsa, aka sa masa ranar sake gwaji bayan wata uku.

Kai ma in akwai irin wannan kwalba a gidanka, ɗauko ta tare da duk abin da majinyacinka ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ka kawo wa mai haɗa magunguna ya duba. Ba a biyan kuɗin tambaya. In maganin kolestarol na sa shi ciwon jiki ko kuɗinsa ya gagara, faɗa wa likita, akwai yadda za a canza ko a rage. Abin da nake roƙonka kawai shi ne kada ka dakatar da shi kai kaɗai.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba majinyatanmu sauƙi.