Ƙibar ƙwaya ba lafiya ba ce

A bisa kowace ƙoda Allah ya ɗora wata ƴar tsoka, kamar hula a kan kai. Su biyu ne, kowace nauyinta kimanin giram 5. Likitoci na kiransu sirenal da Faransanci. Su ne ke zuba wani sinadari cikin jini, sunansa kortizol. Shi ke riƙe ƙarfin bugun jini da sukarin jiki, shi ke tallafar mutum in zazzaɓi ko rauni ya same shi.

To, ga abin da ya dame mu. A kasuwanninmu, masu tallan magani a faranti na saida wata ƙwaya mai suna deksametazon. Mata da ƴammata na saye don su yi ƙiba, musamman in biki ya matso. Irin wannan magani yana cikin wasu mayukan fari da ake shafawa a fata.

Deksametazon ɗan uwan kortizol ne, amma ya fi shi ƙarfi nesa. In mutum ya daɗe yana sha, ko da mako 3 ne, sai tsokokin nan su daina aiki. Kamar manomi ne da ake kai ma hatsi kullum: sai ya jingine hauya, gona ta koma saura.

Ƙibar da ake samu kuwa ta ciwo ce. Fuska ta kumbura, ciki ya yi tulu, ƙafafu da hannuwa su rame. Bayan haka ga hawan jini, ga ciwon sukari, ƙashi ya yi rauni, miki ya ƙi warkewa.

Wata za ta ce: "To, yau na bari." A'a, ƴar uwa! Barin ƙwayar rana ɗaya haɗari ne babba, don jiki ba shi da nasa kortizol. Sai kasala, amai, jiri da suma, har rasa rai. A tafi gidan likita da kwalin maganin a hannu, a faɗi gaskiya. Ma'aikacin lafiya zai rage shi kaɗan-kaɗan, har tsokokin su farfaɗo.

Maganin yana da amfani in likita ya rubuta shi. Saidawa a faranti ne muka ƙi. Mu ma maza da iyaye muna da laifi: muddin muna yi ma siririyar amarya gori, ƙwaya ba za ta rasa mai saye ba. Mu bar gorin, mu bar ƴaƴanmu da jikin da Allah ya ba su.